Riga mai lamba 7: littafin koyon zari-ruga a Toulouse

Talata, 3 ga Satumba 2024

Yau na fara. Shekara biyu ina garin Toulouse ina karatu, ina ganin mutanen garin suna haukacewa a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda, ban taɓa ɗauka abin zai shafe ni ba. Abin da ya ja ni wasan ƙarshe ne na kofin Turai, ranar 25 ga Mayu, da Stade Toulousain, babban kulob ɗin garin, ta ci Leinster ta Ireland 31 da 22 bayan ƙarin lokaci. A shagon da muka kalla kowa Dupont, kyaftin ɗin Toulouse, yake kira, ni kuwa idona yana kan wani ɗan Ingila da ke buga wa Toulouse, Jack Willis. Duk inda aka kayar da mutum sai ka gan shi tsaye a kansa, ya duƙa, hannunsa na laluben ƙwallo, ƙarti biyu suna dukansa ta kowane gefe amma ƙafarsa ba ta motsa ba. Na ce wannan ai ɗan kokawa ne aka sa wa riga.

Kulob ɗin da na je ƙarami ne, a bayan gari, na masu wasa don sha'awa: akwai mai gyaran famfo, akwai malamin makaranta, akwai direbobin bas biyu. Koci ya tambaye ni wasan da na taɓa yi. Na ce ƙwallon ƙafa, da kokawa a fagen unguwarmu a Damagaram bayan an gama girbi. Ya dube ni sama da ƙasa, kilo 86 ne ni, ya ce ban kai nauyin sahun gaba ba, kuma hannuna bai iya ƙwallo ba balle a sa ni a baya. Sai ya tura ni sahu na uku, gefen turereniya.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum 15 ne a kowane ɓangare, takwas daga ciki su ne ke haɗa kafaɗa su yi turereniya. Masu lamba 6 da 7 suna maƙale a gefenta, su ne ke fara ɓallewa da zarar ƙwallo ta fita. Aikinsu kayar da mutum da ƙwace ƙwallo.

Burina kafin hutun Disamba: in buga wasa ɗaya cikakke na minti 80 da ƙungiya ta biyu, kuma in ƙwaci ƙwallo ɗaya a ƙasa ba tare da alƙali ya hura usur a kaina ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Kuɗin da ya fita: rajistar kulob ta shekara Yuro 150, takalmi mai ƙusoshi 65, robar kare haƙori 12, ganin likita don takardar lafiya 26.50. Jimla Yuro 253.50, kusan jaka 166 na sefa. Ban gaya wa Yaya ba. Hular kare kunne Yuro 35 ce, na ce a bar ta sai wata mai zuwa.

Talata, 10 ga Satumba

Darasin kayarwa. Kokawa ta taimake ni, ta kuma cuce ni. Ba na tsoron jikin mutum, wannan koci ya yaba. Amma ɗan kokawa tsaye yake shiga, ya rungumi ƙirji, ya nemi ƙafa daga baya. A nan kuwa, tun 2019 hukumar zari-ruga ta Faransa ta ce a ƙananan rukunoni irin namu ba a kama mutum sama da ƙugu, kuma mutum biyu ba sa haɗuwa su kama ɗaya lokaci guda. Sau shida na rungumi mai gyaran famfo a ƙirji, sau shida koci ya tsayar da atisaye. Daga ƙarshe ya ɗaura masa jan tsumma a ƙugu ya ce in kafaɗata ta taɓa sama da tsumman in zagaye fili.

Na zagaya sau uku.

Wani abin da ya dage a kai: kai yana bayan kwankwason wanda za ka kayar, ba gaban gwiwarsa ba. Ya nuna mini tabon da ke girarsa don in gane dalili.

Asabar, 14 ga Satumba

Gudu da ɗaga ƙarfe. Wuya ya yi tsami, sallar asuba da ƙyar na yi sallama.

Alhamis, 19 ga Satumba

Lasisina na buga wasa bai fito ba. Da yake ni baƙo ne sai da aka nemi hoton katin zamana, na aika, aka ce bai fito sosai ba, na sake aikawa, aka ce bayan katin ake so. Wasa biyu za su wuce ni saboda wannan.

A ɗakin sauya kaya yau gardamar Siya Kolisi ake yi. Kyaftin ɗin Afirka ta Kudu ne, ya ɗaga kofin duniya a 2019 da 2023, daga nan ya zo Racing 92 ta Paris da kwantiragin shekara uku. Kaka ɗaya ya yi, mai kulob ɗin ya fito fili ya soke shi a watan Yuni, yanzu ya koma Sharks ta Durban. Direban bas ɗaya ya ce haka baƙi suke, su zo su kwashi kuɗi su tafi. Malamin makaranta ya ce to Willis fa? Sai aka yi shiru, can wani ya ce ai Willis namu ne.

Na daɗe ina juya wannan amsar. Baƙon da ya yi aiki ya zama namu, wanda bai yi ba ya koma baƙo. Kuma a Top 14, babbar gasar Faransa, akwai ƙa'idar da ta wajabta wa kowane kulob ya riƙa sa wani adadi na 'yan wasan da aka horar a Faransa, don haka gurbin baƙo ƙididdigagge ne. Wanda ya zo daga waje ba a jiransa ya saba da abinci da harshe.

Talata, 1 ga Oktoba

Yau aka shiga abin da ya kawo ni. Faransawa suna ce masa grataj, wato kankara, kamar yadda ake kankarar ƙanzo a gindin tukunya. Turawan Ingila da dila suke kwatanta mai yin sa, kuma sun yi daidai, don wayo ne ya fi ƙarfi yawa a ciki.

Ga yadda yake. An kayar da mai ƙwallo, doka ta ce ya sake ta. Tsakanin faɗuwarsa da isowar 'yan uwansa akwai ɗan lokaci da bai wuce ƙiftawar ido biyu ba. A nan ne za ka shigo, amma da sharuɗɗa. Sai ka zo ta bayan wanda ya faɗi, ta ɓangaren gidanku, ba ta gefe ba. In kai ka kayar da shi, sai ka sake shi a fili yadda alƙali zai gani kafin ka taɓa ƙwallo. Sai kana tsaye a kan ƙafafunka, nauyinka a kansu, ba ka jingina da wanda ke ƙasa ba, ba ka dafa ciyawa ba. Kuma sai hannunka ya riga abokan gaba isa, don da zarar ɗayansu ya cafke ka kafin ka kama ƙwallo an shiga rububi, hannu ya haramta.

In ka cika waɗannan, ko dai ka fito da ƙwallo, ko mai ita ya ƙi saki alƙali ya ba ku bugun laifi.

A nan kokawa ta dawo mini da bashina. Tsayuwar da kawuna ya koya mini, ƙafa a buɗe, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu ƙasa, ita ce dai. Koci ya sa mutum biyu su ture ni, suka kasa a karon farko. Ya ce tsayuwa ta yi, saura ido. Ni kowace faɗuwa sai na kai hannu. Ya ce in je in kalli Willis, kada in ƙirga waɗanda ya ƙwata, in ƙirga waɗanda ya duba ya wuce.

Na yi hakan daren nan, na sake kallon wasan Leinster a kwamfuta ina tsayarwa. Gaskiyar koci ce. Sau da yawa yana isowa, ya ga masu kare ƙwallo sun riga shi, sai ya koma layi ya jira kayarwa ta gaba. Da ban lura da wannan ba sam, ido yana bin inda ake hayaniya ne.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Lasisi ya fito.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Wasana na farko, a wani ƙauye mai tafiyar minti 50 a bas. An sa ni a minti na 50, muna gaba da maki huɗu. Zan rubuta shi yadda ya faru don kada nan gaba in yi wa kaina kwaskwarima.

Laifi na farko: turereniyar farko, na ɓalle kafin ƙwallo ta fita. Ɗan gefe dole ya ci gaba da riƙe turereniya har ta ƙare, na san wannan, zumuɗi ne kawai.

Na biyu: na kayar da mai lamba 8 ɗinsu, kayarwa mai kyau, a cinya. Na tashi na kai hannu ban sake shi ba. Alƙali ya ɗaga murya sau biyu yana cewa in saki, ni kuwa Faransancin da ake yi da ihu cikin ruwan sama ba shi ne na aji ba. Suka buga ta shiga, maki uku.

Na uku shi ya fi ba ni haushi, don na rantse ƙwallon tana hannuna. Na shigo daidai, na duƙa, na kama. Sai dai kafin in kama, tafin hannuna na hagu ya dafa ƙasa a gaban ƙwallon, na jawo shi baya. Alƙali ya gani. Ya kira kyaftin ɗinmu ya ce mai lamba 20, wato ni, ya yi uku cikin minti goma sha biyu, na gaba kati ne.

Na huɗu bai jima ba. Na shigo rububi ta gefe. Katin gargaɗi, minti goma a waje. Na zauna a benci ruwa na sauka a wuyana, ina kallo suka yi amfani da gurbin da na bari suka dangwala ƙwallo a bayan layinmu. An tashi sun ci mu da maki shida.

A bas ba wanda ya ce mini komai, abin da ya fi zagi ciwo. Sai da muka isa wajen cin abincin bayan wasa, wanda su suke kira rabin lokaci na uku, kyaftin ya zo ya ajiye mini faranti. Ya sa an ware mini wake da agwagwa tun kafin a zuba naman alade, ga kwalbar lemo. Ya ce shi wasansa na farko jan kati aka ba shi. Ban san ko gaskiya ba ne.

Talata, 15 ga Oktoba

Kunnen dama ya kumbura, ya yi taushi kamar an cusa masa ruwa. Likita ta zuƙe jinin da allura ta ɗaure. Yuro 26.50, sannan na je na sayi hular nan ta Yuro 35 da na ƙi saya a Satumba.

Inna ta kira ta WhatsApp, na manta da bandejin na ɗauka da hoto.

"Kai ɗan nan, me ya sami kunnenka?"

"Ba komai Inna, wasa ne."

"Wane irin wasa? Karatu aka tura ka ko dambe? Bari yayanka ya shigo."

Yaya da ya karɓa dariya ya yi, ya ce ko a kokawa ma kullum ni ake kayarwa. Wannan ƙarya ce.

Talata, 22 ga Oktoba

Na ji ciwo a atisaye. Na duƙa a kan ƙwallo, wani sabon yaro ya zo ture ni, ya kasa, sai ya rungumi ƙirjina ya mirgina da ni gefe. Ƙusoshin takalmina na hagu suna kafe a laka, jiki ya juya, ƙafa ba ta bi ba. Na ji wani abu ya ja a cikin gwiwa ta ciki.

Koci ya yi faɗan da ban taɓa jin ya yi ba. Wannan mirginawar, da ake kira juyin kada, hukumar zari-ruga ta duniya ta haramta ta tun 1 ga Yulin bana. Yaron bai sani ba, a bidiyo ya gani. Ban riƙe shi a zuciya ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Jijiyar gefen gwiwa ce ta ja, ba ta tsinke ba. Mako huɗu ba wasa, da zuwa wajen mai gashin ƙashi sau biyu a mako. Takalmin gwiwa Yuro 40, inshora za ta mayar da wani abu.

Da yake ina kwance, na bi tarihin Willis daga farko, kuma sai yanzu na san abin da nake kallo. An haife shi a 1996, ya taso a kulob ɗin Wasps na Ingila. A 2018 aka kira shi tawagar Ingila da za ta je Afirka ta Kudu, sai gwiwarsa ta lalace a wasan kusa da na ƙarshe da Saracens, tafiyar ta wuce shi. Ya dawo, aka zaɓe shi gwarzon gasar Ingila ta kakar 2019 zuwa 2020, ya fara buga wa ƙasarsa a Nuwamban 2020 da Jojiya. Wata uku bayan haka, a Fabrairun 2021 a filin Twickenham, ya shigo wasan Italiya, ya ci maki biyar, bayan 'yan mintoci aka yi masa irin juyin da aka yi mini shekaranjiya. Tasa gwiwar ta wargaje, ya yi kusan shekara bai buga ba.

Ya sake dawowa, sai kulob ɗin ya mutu. Ranar 17 ga Oktoban 2022 bashi ya durƙusar da Wasps, aka sallami mutum 167, 'yan wasa da ma'aikata, a rana ɗaya. Shi da ƙanensa Tom suna ciki. Tom ya tafi Bordeaux na ɗan lokaci kafin ya wuce Saracens, Jack ya zo Toulouse a Nuwamba. Ba neman kuɗi ya fitar da shi ba, gidan ne ya rushe a kansa. Kakarsa ta farko suka ci La Rochelle 29 da 26 suka ɗauki garkuwar Brennus, wato kofin gasar Faransa, bana kuma suka haɗa kofin Turai da na gida, inda suka yi wa Bordeaux 59 da 3 a Marseille.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da aka karya wa gwiwa a wannan duƙawar har yau ita ce sana'arsa. Ni jijiya ce kawai ta ja, amma jiya da na tuna komawa kan ƙwallo sai da cikina ya juya.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Keke minti 20, babu zafi. Lanƙwasawa har yanzu da saura.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun taru a ɗakin kulob. Da farko Ingila da Afirka ta Kudu, aka ci Ingila 29 da 20, karo na uku a jere a gida cikin watan nan bayan New Zealand da Ostareliya. Daga baya Faransa ta ci New Zealand 30 da 29, ɗakin ya kusa tsagewa.

Willis ba ya cikin tawagar Ingila, kuma ba don rauni ba. Dokar hukumarsu ce: wanda ke wasa a wajen ƙasar ba a kiransa. An yi masa sassauci har kofin duniya na 2023 saboda yadda Wasps ta mutu, daga nan ƙofa ta rufe tunda ya zaɓi zama a Toulouse. Hujjarsu ita ce in aka buɗe, kuɗin Faransa da Japan za su kwashe 'yan wasa gasar gida ta zama kango. Na fahimci tsoron, kulob uku suka rasa cikin shekara ɗaya, Worcester da Wasps da London Irish. Amma a ganina wanda kulob ɗinsa ya mutu a ƙarƙashin kulawarku bai kamata a hukunta shi don ya sami inda zai ci abinci ba. Waɗanda suka ci su yau kuwa sun jingine irin wannan doka, Pieter-Steph du Toit da Kwagga Smith duk a Japan suke wasa, kuma ana kiransu.

Wani dattijo da ke kula da kayan kulob, da ya ji daga Nijar nake, ya zaunar da ni ya ba ni labarin 'yan gefe biyu da aka haifa a Afirka. Serge Betsen, haifaffen Kumba a Kamaru, wanda ya yi shekaru a Biarritz kafin ya tafi Wasps a 2008, wato hanyar Willis ce aka bi ta baya. Da Thierry Dusautoir, haifaffen Abidjan, kyaftin ɗin Toulouse da Faransa, wanda ya yi kayarwa 38 a wasa ɗaya da New Zealand a Cardiff a 2007. Dattijon ya faɗi lambar sau uku yana buga tebur. Ni a wasana na farko huɗu na yi, laifina ma huɗu.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

An ba ni izinin komawa. Gudu a miƙe lafiya, juyawa da ɗan tsoro. Na sauya ƙusoshin takalmi zuwa gajeru, Yuro 8, duk da koci ya ce a lakar Disamba zan yi ta zamewa.

Talata, 26 ga Nuwamba

Du Toit aka ba gwarzon ɗan wasan duniya shekaranjiya, karo na biyu bayan 2019.

A atisaye na ƙi duƙawa sau biyu da ƙwallo ke a fili. Koci bai yi faɗa ba. Ya ware ni da kyaftin, muka yi ta maimaitawa a hankali, shi yana turowa ni ina koyon sakin ƙafa in bi juyin maimakon in kafe. Sau talatin ko fiye.

Lahadi, 8 ga Disamba

Wasan ƙarshe kafin hutu, a gida, kuma an ba ni lamba 7 tun daga farko saboda mai ita ɗiyarsa ba lafiya. Laifi ɗaya na yi, na tsaya gaban layi. Kayarwa tara bisa ƙirgar dattijon kayan kulob, biyu sun kuɓuce. Sau biyar na iso kan wanda ya faɗi na ga an riga ni na wuce, wannan ni na ƙirga.

A minti na 63 ɗan bayansu ya ruga shi kaɗai, malamin makaranta ya kayar da shi ya mirgina gefe. Na shigo ta baya, na buɗe ƙafa, na sa hannu biyu. Wani ya daki haƙarƙarina, ban faɗi ba. Mai ƙwallon ya ƙanƙame ta, usur ya tashi, na ɗago ina jiran a nuna ni, sai na ga hannun alƙali ya miƙe ɓangarenmu.

Minti 80 ban cika ba, a na 68 ƙafa ta ɗaure aka fitar da ni. An ci mu da maki biyu. A wajen cin abinci aka yi ta musu ko abin da na yi ya cika burina, tunda ƙwallon ba ta fito a hannuna ba. Kyaftin ya ce ya cika, direban bas ya ce rabi ne. Na rubuta rabi.

Kuɗin da ya fita daga Satumba zuwa yau: Yuro 363, ban da kuɗin mai gashin ƙashi da nake jiran inshora ta mayar.

Na Janairu: gudu sau uku a mako don in kai minti 80, ƙarin kilo uku, da koyon ɗaga mai tsalle a jifan gefe, wanda har yanzu ba a yarda in taɓa ba. Ina kuma neman tikitin Ernest-Wallon, filin Stade Toulousain, na tsaye, mai araha, a bayan turakun gola, inda aka ce ana ganin ƙafafun masu rububi sosai. Atisaye zai dawo Talata, 7 ga wata.